Bargunan da Ke Bayan Kwaɗo

Pubiri, ranar Talata

Kornelius,

"Yaya, ranar da kayan nan suka sauka a Pubiri, ranar zan sauka. Ko da rarrafe ne." Kai ka faɗa, da muryarka, a saƙon da ka turo wa Sista Agata ta asibitin mishan. Har ɗakin makoki ta kawo mini wayar ta kunna. Matan da ke zaune da ni suka yi ta tafi suna kuka, wata ta ce ashe gidanmu na Tayali bai ƙare ba.

Kaya sun sauka tun makon jiya. Jirgin mishan ya yi sawu uku yana sauke su. Kai ba ka sauka ba, da ƙafa ko da rarrafe.

Na sa wannan a gaban gaisuwa don kada ka karanta gaisuwar ka ninke takardar. Yanzu ga ta. Ina gaishe ka, ina gaida Filomena da yara. Ni ina nan da rai. Ƙasa ba ta daina motsi ba, kullum sai ta girgiza mu kaɗan don kada mu manta da ita. Mahaifiyarka, Inna Wandipe, tana tari. Tun ranar girgizar ƙasar ta rantse ba za ta sake kwana a ƙarƙashin wani abu mai nauyi ba, sai ta kafa ganyen ayaba a bakin filin makaranta, a nan take. Ruwa kuwa ba ya fashi.

Ka san an tono mijina Hengebe daga gonar dankalinmu, inda dutsen ya zubo. An binne shi. Ni kuma danginsa sun shafa mini farar laka, sun rataya mini tsakiyar takaba, duwatsun wuya igiya kan igiya, har wuyana ba ya juyawa, sun zaunar da ni a ɗakin nan. Ba zan ƙetare bakin ƙofa ba sai sun yanka aladun fitar takaba. Ka tambaye ni ina aladun. Suna ƙarƙashin dutsen, tare da gonar. Ke nan an kulle ni, mabuɗin kuma yana cikin ƙasa.

Akwai wata tsaga a bangon ɗakin nan da girgizar ta buɗe. Ta cikinta nake hangen ƙofar sito na makarantar da na koyar a cikinta tun kana zuwa aji da majina. Kayan agajin da kuka aiko suna bayan ƙofar: barguna, tamfol, jarkoki, shinkafa, kifin gwangwani. An sa kwaɗo. Mabuɗin yana wuyan Tigibu, wan mijina, ya rataya shi kamar gicciye.

Na aika aka kira shi. Ya tsaya daga waje, don ba ya shiga ɗakin mata.

Na ce, "Tigibu, buɗe sito."

Ya ce, "Matar ƙanena, kayan nan ba su da baki tukuna. Bakinsu yana Cairns."

Na ce, "Masu tari suna da baki. Je ka saurara."

Ya ce, "Ke da aka ce ki zauna ki yi kuka, ke ce kike rabon aiki? Karatu ya hana ki kuka ma."

Ban ce ya yi ƙarya a kan al'ada ba. Na sani kamar yadda ka sani, kyauta ba a shigar da ita ta bayan gida. Sai an shimfiɗa ta a fili, wanda ya tara ya tsaya a gaban jama'a ya kira sunan kowane mai bayarwa da na wanda aka ba, kowa ya ji da kunnensa. Abu ne mai kyau, na sha yabonsa a gaban 'yan aji. Amma kakanninmu da suka tsara shi, mai tarawar yana ƙauyen da ke bayan tudu ne, ba a ƙasar wasu ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Hogo sun hauro, ƙauyensu ya tafi cikin kogi. Sun cika filin ƙwallo, har a barandar sito suke kwana, jikinsu a jikin ƙofar.

Ka faɗa mini rana. Matuƙin jirgi zai kai wannan takarda garin Hagen a ɗauki hotonta a turo maka. Amsarka ta biyo ta nan.

Yayarka,
Bibiana

*

Cairns, ranar Lahadi

Yaya Bibiana,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Allah ya ji ƙan Hengebe, ya ba ki haƙuri. Mu muna lafiya, sai dai Filomena ba ta iya cin abinci tun da ta ga hotunan. Ki gaida Inna, ki ce mata ta sha ruwan zafi.

Yaya, kin yi mini magana kamar wanda ya kwanta yana shan iska. Ba ki ga yadda aka tara kayan nan ba. Matan cocinmu sun gasa dankali da kaza a rami suna sayarwa a bakin kasuwa. Samarin da ke aiki a gonakin ayaba sun bar cin rana. Wata tsohuwar Baturiya ta kwaso bargunan marigayin mijinta ta kawo da kanta. Kowane buhu, kowane ƙunshi, mai shi ya rubuta sunansa a jiki da hannunsa, don na yi musu alkawari za a kira su a filin Pubiri. Ba sunana nake nema ba, amanar mutane ce a wuyana. Akwai 'yar matsala da takardun zamana a nan, ana kan gyarawa. Ina zuwa.

Amma wani layi a wasiƙarki ya hana ni zama. Kin ce mutanen Hogo suna kwana jikinsu a jikin ƙofar sito. Yaya, kin manta su waye? Maganar Mabiria, ɗansu da aka kashe a rikicin iyakar gona, har yau ba a rufe ta ba, kuma gidanmu suke nunawa da yatsa. Mun ce ba mu ba ne, mun ƙi biyan diyya, a kan haka muke tun babanki da babana suna raye. In suka fasa ƙofar nan suka kwashe, sun ci mu da yaƙi. In kuma aka miƙa musu ko da kofin shinkafa ne a ɓoye, ba tare da an tsaya a fili an faɗi ko mene ne ba, gobe za su ce gidan Tayali ya fara biyan kan Mabiria, ya amsa laifi. 'Ya'yana ne za su gaji wannan maganar.

Shi ya sa da na karanta na nemi Tigibu ta wayar Sista, na ce ya sa samari su tsare ƙofar har in iso. Na gode da kika sanar da ni da wuri.

Game da Inna, na ce wa Tigibu ya zaro mata bargo ɗaya mai kauri ta taga, ba sai kowa ya sani ba. Ke kuma ki huta. Kina cikin takaba, zuciyarki ba a kwance take ba. Ki bar wa maza wannan.

Ƙanenki,
Kornelius

*

Pubiri, ranar Alhamis

Kornelius,

Ina gaishe ka, ina gaida gidanka. Ina fatan Filomena ta soma cin abinci, don a nan ba mu da wanda ke ƙin ci. Ni ina nan. Lakar jikina ta tsattsage, ƙuma ta samu gida a ƙarƙashin tsakiyar. Tarin Inna ya sauka ƙirji.

Ka gode mini. Da ka mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na rubuta maka cewa mutane ba su da wurin kwana, kai ka karanta cewa mayaƙa sun kewaye sito. Na yi shekaru ina koyar da yara su karanta abin da ke kan takarda, ba abin da ke cikin tsoronsu ba, ashe kai ka fita ajin ba ka koya ba. Bari in faɗa maka rundunar da ka tura a kora: tsofaffi mata huɗu, wani makaho, da wata yarinya mai suna Ipame da ta haihu a kan hanya lokacin da suke gudu. Barandar nan ce kaɗai rufin kwanon da ya rage a tsaye a Pubiri, ban da asibiti. Samarinka suka zo da kwari da baka, sun shafa gawayi a fuska kamar masu zuwa yaƙi, suka fitar da su cikin ruwan sama. Ina kallo ta tsagar bango. Na yi ihu har muryata ta dushe, matan ɗakin suka ɗauka kukan Hengebe nake, suka taya ni.

Yanzu samarin ne ke kwana a barandar. A bushe.

Bargon da ka ce a zaro ta taga, Tigibu ya zaro. Ya ɓoye shi a cikin riga ya kai wa Inna. Ita ta zo bakin ƙofata da kanta ta ba ni labari, tana tsayawa tana tari.

Ta ce, "Bibiana, kin ga abin da surukinki ya yi mini? Ya kawo mini bargon ɗana a hammata, kamar naman aladen sata."

Na ce, "Inna, da kin karɓa. Sanyi bai san al'ada ba."

Ta ce, "Ke rufe mini baki, Malama. Na haifi yaro, na kai shi makaranta da kuɗin dankali, ya tafi ƙasar Turawa ya tara kaya har jirgi ya yi sawu uku. Sai in karɓi rabona a ɓoye? Matan nan da suka ce ɗana ya ɓace, su ne za su ji an kira sunana a fili. A bakinsa."

Na ce, "In kin kai."

Ta ce, "Bakinki ne ya sa mijinki ya fi son zaman gona."

Muka yi dariya mu biyu, dariyar ta koma mata tari, sai da aka riƙe ta. Ta mayar da bargon. Yana cikin sito.

Ka gani? Kai ka sa mata wannan jiran a ranta. Tsohuwa za ta mutu da sanyi taku kaɗan daga tulin barguna, tana alfahari.

Maganar Mabiria ban manta ba. Ina nan aka yi ta, kai kana makarantar kwana. Na yarda abin da aka miƙa a ɓoye kowa zai sa masa sunan da ya ga dama. To maganinsa a faɗe shi a fili, ba a kulle shi ba. In ba za ka iya zuwa ba, ka naɗa bakin da zai tsaya a madadinka. Kakanni sun yi hakan idan mai kyauta ya karye a ƙafa. Ka turo murya ta wayar Sista, ka ambaci mutum ɗaya, ko wane ne. Kuma ka daina ce mini "'yar matsala". Ka faɗa mini matsalar da sunanta.

Ka ce in bar wa maza. Na bar musu, ga abin da suka yi da shi.

Bibiana

*

Cairns, ranar Litinin

Yaya,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta daɗe a Hagen, an ce hazo ya hana jirgi tashi. Mu lafiya. Labarin Inna ya kashe mini jiki. Labarin barandar kuma, Allah ya sani ban san mata ne ba.

Ga matsalar. Izinin zamana ya ƙare, na nemi sabo, ba su amsa ba. Lauya ya ce in na fita ƙasar nan kafin su amsa, ƙofa ta rufe a bayana. Aikina, makarantar yara, duk sun tafi. Kullum sai na je ofishin shige da fice, kullum su ce in jira. Ni ma a ɗaure nake, Yaya, bangona ne kawai ya fi naki faɗi.

Naɗa baki kuma, wa zan naɗa? In na ce Tigibu, suna ya koma gidansu, kuma kin san zai fara da danginsa ya ƙare da danginsa. Fada na cocin mishan kuwa ɗan bakin teku ne, bai san wa ya haifi wa ba, kuma maganarsa ba ta ɗaure kowa a kan jini. Dole mai tsayawa ya zama jinin Tayali, don shi kaɗai zai ce wa Hogo "wannan ba diyya ba ce" maganar ta zauna. Mazan gidanmu kuwa, wanda dutse bai danne ba yana birnin Mosbi yana gadin kanti.

Ki ba ni mako biyu. Ki lallashi Inna ta shiga asibiti. Na roƙe ki, kada ki yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Ƙanenki,
Kornelius

*

Pubiri, ranar Talata

Kornelius,

Gaisuwa gare ka da iyalinka. Na gode da ka faɗi gaskiya, ko da yake sai da na tono ta kamar dankali. Ban ce ka jefar da rayuwar 'ya'yanka ba. Da ka faɗa tun farko, da ban ɓata takarda ina kiran mutumin da ba zai zo ba.

Ga lafiyarmu. Inna tana asibiti, ba lallashi ne ya kai ta ba, faɗuwa ta yi aka ɗauke ta. Sista ta ce ciwon huhu ne, ta ce allura tana da ita, ɗumi ne ba ta da shi, don marasa lafiya a kan siminti suke, zanen gado ɗaya mutum uku. Jaririn Ipame ya rasu shekaranjiya. Ba su yi masa suna ba. Mutanen Hogo ba su ce komai ba tukuna, sun dai binne shi a inda ake hangen barandar. Ka tsare ƙofa don kada a ce mun amsa laifin kai ɗaya. Ka zauna ka yi tunanin abin da za su ƙirga yanzu.

Ka lissafa mazan gidan Tayali, ka ce babu kowa. Na karanta layin nan sau da yawa ina jiran in ga ko za ka tuna. Babana shi ne wan babanka. Jinin da kake nema yana zaune a ɗakin nan an shafe shi da laka. Na san wa ya haifi wa a kwarin nan har kaka huɗu, don ni na rubuta sunayen 'ya'yansu a makaranta, har da na Hogo. Muryata tana kaiwa ƙarshen filin ƙwallo, ka tambayi duk wanda ya taɓa makara.

Na san mace ba ta tsayawa kiran kyauta. Na san mai takaba ba ta ƙetare ƙofa. Na faɗa wa Tigibu abin da ke raina don kada ya ce na yi masa sata.

Ya ce, "In kika wanke lakar nan kafin a yanka alade, kin tofa wa kabarin ƙanena yawu. Ba ki da gona a ƙasarmu, ba ki da ɗaki."

Na ce, "Gonar tana ƙarƙashin dutse, ɗakin kuma ga shi ana hangen waje ta bangonsa. Me kuma za ka ƙwace?"

Ya ce, "Wurin kabarinki kusa da shi."

A nan ya same ni, ba zan ɓoye maka ba. Hengebe mutum ne mai shiru, ya jure bakina shekara da shekaru, kuma na so in kwanta kusa da shi in ci gaba da damunsa. Amma shi ne mutumin da in ya gasa dankali ba ya iya ci sai ya leƙa ko akwai mai wucewa. Ban yarda zamana a nan ina kallon kwaɗo shi ne girmama shi ba.

Na aika Sista ta tambayi Inna, in ni na tsaya na kira, za ta karɓa? Sista ta ce ta tarar da ita kwance, ido a rufe. Sai ta buɗe ido ta ce, "Da ƙarfi za ta kira?" Sista ta ce da ƙarfi. Inna ta ce, "To ta fara da sunan ɗana."

Mako biyu ba ni da shi, Inna ma ba ta da shi. Jirgi zai dawo ranar Juma'a. Kana da daga yanzu zuwa saukarsa. Ka turo murya ka ce Bibiana 'yar Tayali ce bakinka, a kunna wa Tigibu a gaban mutane, ya cire mabuɗin daga wuyansa da hannunsa. In ka yi haka, ka rage mini rabin abin da za a ce.

In jirgi ya sauka babu muryarka, ranar Asabar da safe zan sauka rafi in wanke jikina, in cire tsakiyar in ajiye a bakin ƙofar Tigibu. Sista ta ce akwai guduma a asibiti. Samarin da ke gadi duk na taɓa riƙe musu fensir, ina so in ga wanda zai ɗaga mini baka. Zan sa a shimfiɗa kayan a tsakiyar fili, in karanta sunan da ke jikin kowane buhu, har na tsohuwar Baturiyar, in kira wanda aka ba. In na zo kan Hogo zan faɗa sau uku, kowa ya ji, cewa wannan ba diyyar kowa ba ce, bargo ne, ana ruwa. In sun yarda, to. In ba su yarda ba, ni na faɗa, a kaina maganar take, ba a kan 'ya'yanka ba.

Da an gama zan ɗauki jakata in hau hanyar dangin mahaifiyata, kafin a kore ni. Kada ka aiko mini da wasiƙa Pubiri bayan nan, ba za ta same ni ba.

Inna ba ta iya tsayawa, don haka a kan ƙofar katako za a kawo ta fili. Matan gidan Tigibu sun ce ba za su sa hannu ba. Ipame da ƙanwarta sun ce za su ɗauke ta.

Zan fara da sunanka. Don ita ne.

Yayarka,
Bibiana